Mai Sikelin da Ya Ƙi Ganin Shamuwa

Shekara goma sha tara ke nan ina sayar da dafaffiyar masara a bakin tekun garinmu, daidai inda matakalar siminti take sauka cikin yashi, kuma duk tsawon shekarun nan Yanaki yana hagu da ni da sikelinsa. Tsakanin tukunyata da kujerarsa taku huɗu ne. Na auna wata rana da babu ciniki.

Sana'arsa ba ta da wata wahala. Sikeli ne na auna mutum, na ƙarfe, mai gilashi a goshi da allura a ciki, wanda ya girmi rabin masu hawansa. Yakan shimfiɗa tsohon tawul ya ɗora shi, ya ajiye gwangwani a gefe. Ka hau, ya duƙa ya karanta maka, ka jefa masa abin da ya sawwaƙa. Yanzu wane gida ne babu sikeli? Amma ɗan Adam in ya zo hutu yana son ya biya a gaya masa abin da ya riga ya sani. Kafin wannan, Yanaki ya yi shekara talatin da ɗoriya yana kwasar gishiri a fadamar bayan gari, har gishirin ya cinye masa fatar ƙafa aka sallame shi da 'yar fansho. Da ya ga zaman gida zai kashe shi, sai ya ɗauko sikelin surukarsa ya fito.

Sai dai duk wanda ya san shi, in ka tambaye shi, ba da sikeli zai fara ba, da tsuntsaye zai fara. Yanaki mutum ne mai kallon sama. Tsakanin wannan mai hawa da wancan, kansa a ɗage yake, baki buɗe. Ya san ranar da kwasa-kwasa ke tasowa daga tafki, ya san zalɓen da ya rasa matarsa, ya san gularus ɗin bakin ruwan nan ɗaya bayan ɗaya, waɗannan manyan fararen tsuntsayen teku masu ihu da sata. Akwai wani ƙato mai tabo a ƙafa da ya raɗa wa suna Kansila, wai don yana zuwa ya ci ya tafi ba ya barin komai sai kashi. Matarsa Ginka takan ce, "Na auri mai ido biyu, ɗaya a ƙafar mutane, ɗaya a gindin tsuntsu. Ni ko na aro ban samu ba."

Ƙarya take yi, ta kuma sani. Shekararsu hamsin da ɗaya tare. Kullum da rana tsaka sai ta gangaro matakalar nan da burodi da cuku da tumatur ɗaya a ƙunshe cikin jarida, ya raba tumatur ɗin biyu da wuƙarsa, su ci tana yi masa faɗa. Ni ina gefe ina juya masara kamar ban gani ba. Mijina Kosta ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa, ɗana ɗaya tak yana aikin jirgin ruwa, sai a Kirsimeti nake jin muryarsa. Ba zan ɓoye ba, faɗan nan nasu ya sha ba ni kishi.

To, ranar ɗaya ga Maris ta bana Ginka ta ɗaura masa martenitsa kamar kowace shekara. Zaren nan ne ja da fari da muke ɗaura wa juna a wuyan hannu don neman lafiya. Ba a ɗaura wa kai, kuma ba a cirewa sai ka ga shamuwar farko ta dawo, sannan ka kwance ka ɗaura a reshen bishiya mai 'ya'ya. Ragwayen yanzu da sun ga tsattsewa ko furen bishiya sai su cire, amma Ginka 'yar ƙauye ce, ta ce wannan ha'inci ne. A gidanta shamuwa ce kawai. Shi ma ya ɗaura mata nata a safiyar, kamar yadda aka saba.

Ranar tara ga wata ta sunkuya za ta ɗauki kwano a kicin, ba ta miƙe ba. Shamuwa ba ta iso ba tukuna. Da zaren a hannunta aka binne ta, Allah ya jiƙanta.

Daga nan Yanaki ya daina kallon sama. Ya sayi hula mai dogon baki ya danna ta har gira, ya koma tafiya yana kallon takalminsa. Ya daina hawa bas ɗin da ke bi ta ƙauyuka, saboda kowace falwaya a hanyar akwai sheƙa a kanta. Mafi muni, a ƙofar maƙabartarmu akwai wata falwaya da shamuwa ke sheƙa a kai tun ina yarinya. Ranar binnewa sheƙar ba kowa. Ranar arba'in kuwa masu gida sun dawo har suna kaɗa baki. Aka dafa alkamar sadaka, limamin coci ya zo, 'yarsu Rumyana ta taso takanas daga Sifen, Yanaki ya ce ba ya zuwa. Ta yi kuka, ta yi roƙo, ta ce ya kunyata ta a gaban gari, ta koma ba su yi sallama ba. Mata a kantin burodi suka ce tsohon ya taɓu. Wasu suka ce dama can bai damu da ita ba. Na ce wa ɗaya daga cikinsu ta kama bakinta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni kaɗai ya gaya wa dalili, shi ma sau ɗaya, a ƙarshen Mayu ranar da muka fara fitowa.

"Ita ma nata yana hannunta, Marula," ya ce, yana gyara tawul. "Ba ta cire ba. Ni ne zan riga ta?"

Na ci gaba da juya masarata.

"Alfarma ɗaya nake nema. Idonki yana gani da nisa. In kin hango wani abu mai dogayen ƙafafu a sama, ki ce min ƙasa."

Haka na zama mai gadin sama. Shamuwa ba ta cika zuwa bakin teku ba, amma sau ɗaya ko biyu a mako wata takan ratso daga tafki. Da na hango ta sai in ce, "Ƙasa, Yanaki!" Shi kuma ya ƙara sunkuyawa har sai na ce, "Ta wuce." Ya ce, "Na gode, maƙwabciya." Ke nan. Wata rana ma hirarmu gaba ɗaya ba ta wuce haka. Amma in faɗi gaskiya, na ji daɗin aikin. Shekara goma sha ɗaya babu wanda ya buƙaci idona ga komai, sai ga shi ina tashi da safe da sanin cewa in ban fita ba wani zai shiga uku.

Ranar da nake son ba da labari Talata ce, bayan idin Maryama na tsakiyar Agusta. Ƙarfe bakwai ya gangaro, sikeli a hammata, ya tsaya ya shaƙi iska ba tare da ya ɗaga kai ba. Teku kwance yake lumui, tutar masu ceto tana kaɗawa ta fuskanci ruwa.

"Iskar tudu ce," ya ce. "Yau ko gobe."

Na gane. Duk shekara a irin wannan lokaci shamuwoyi ke haɗuwa su yi kudu, dubbai a tafi ɗaya. Yawanci ta kan tudu suke bi, can bayan gari, amma in iska ta taso daga tudu sai ta turo su har kanmu. A da ranar nan ita ce sallar Yanaki. Yakan kifa sikelin ya ƙi auna kowa, ya tsaya tsakiyar yashi yana nuna wa baƙi sama ko sun so ko ba su so ba.

"To uban me ya fito da kai?" na ce. "Ka koma gida ka ja labule, kwana uku kawai."

"A gida agogo kaɗai ke magana."

"Ya fi ka ji shamuwa ta yi."

"Ba ga ki ba? Kwana uku, huɗu, sun wuce. Daga nan sama tawa ce har Maris."

"In Maris ya zo fa?"

"In sake sunkuyawa."

"Kai dai taurin kanka ya fi na jakin gishiri. Haka za ka yi ta yi har yaushe?"

Ya shimfiɗa tawul ya zauna.

Da hantsi yashi ya cika. Lemomin inuwa suka bubbuɗe layi-layi har bakin ruwa. Tsofaffin matan unguwarmu suka shiga ruwa iya ƙugu da hulunansu, suka yi da'ira suna cin naman mutane, ba wadda ta jiƙa kafaɗa. Mazan da suka je tafki suka shafe jikinsu da baƙin taɓon maganin sanyin ƙashi suka dawo suna shanya kansu, hannuwa a buɗe, ido kawai ke fari. Wasu huɗu suka kafa karta a kan akwatin sanyaya giya, suna rantsuwa da uwar juna. Wani magidanci ya kwashi rabin awa yana hura wata kada ta roba, da ya gama 'ya'yan suka ce su masara suke so. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma a bakin teku kullum ranar wanka ce. Na ga cibiyoyin da ban roƙi Allah ya nuna min ba.

Shi Yanaki duk wannan ƙafafu kawai yake gani. Ya ce ya fi sanin mutum ta ƙafa. Wanda ya iso jiya ƙafarsa fara ce, yana taka yashi kamar garwashi. Wanda zai koma gobe ba ya kakkaɓe yashin da wuri. Ma'auratan da suka yi faɗa a ɗaki, sawunsu ba ya tafiya daidai. Dubban mutane a gabansa, suna dariya, suna kiran 'ya'yansu, suna shafa wa juna mai a baya, babu ɗaya da ya san sunansa. Ni ma ba wanda ya san nawa. Inna mai masara, Kawu mai sikeli. In kana son ka san kaɗaici, ka zauna a inda kowa ya zo da nasa.

Wata mata daga babban birni, mai jan farce da ƙaton tabarau, ta zo ta tsaya a gaban sikelin. Ta cire takalmi, ta cire tabarau ta ba mijinta, ta yi tunani ta cire 'yan kunne ma.

"Ki cire haƙorin makka in akwai," in ji mijin.

"Rufe min baki, kai da tumbinka ya riga ka shiga ɗaki." Ta hau tana riƙe numfashi. Yanaki ya duƙa, ya daɗe yana ƙifta ido.

"Sittin da takwas, 'yata. Ko da tara."

"Wane irin ko da tara? Kawu, sikelin nan naka maƙaryaci ne."

"Ya tsufa, 'yata. Ƙarya ƙarfi take so, shi ba shi da shi."

Ta yi dariya, ta miƙa hannu za ta jefa masa kuɗi, sai idonta ya faɗa kan wuyan hannunsa na hagu. Zaren ya daɗe da daina zama ja da fari. Rana da gumi da gishiri sun mayar da shi kalar igiyar rijiya.

"Laa! Martenitsa ce wannan? Kawu, Agusta fa muke ciki! Garinku ba shamuwa ne, ko kun cinye su?"

"Ba mu haɗu ba tukuna," ya ce.

"To ka ɗaga kai mana! Wa ya taɓa ganin tsuntsu a ƙasa?"

"Madam," na ce, "masara ko hanya?" Ta kalle ni sama da ƙasa ta ja mijinta suka wuce. Yanaki ya rufe zaren da ɗaya hannun, ya daɗe a haka.

Wannan "ko da tara" ɗin ya tsaya min a rai. Yanaki bai taɓa yin shakkar allura ba. Da na leƙa sai na ga gilashin ya dushe, iskar teku ta bar masa farin gishiri, ga yashi a gefe-gefe. A da Ginka ce take goge shi duk Lahadi. Wata biyar ba wanda ya taɓa. Da ya tashi ya zaga bayan matakala, na ɗauki tsummana na diga masa ruwan tsamin da nake wanke tukunya, na durƙusa na goge gilashin tas har ina ganin fuskata a ciki. Da ya dawo ya duba, sai ya ce, "Ashe allurar baƙa ce." Na ji daɗi har cikin raina. Da na san abin da na shirya da hannuna, da na bar shi da dattinsa.

Da rana ta take ya buɗe jaridarsa. Burodi, cuku, tumatur ɗaya. Ya raba tumatur ɗin biyu kamar kullum, ya ci rabi, ya tura ɗaya rabin gefen tawul. Kansila ya sauka, ya yi takunsa na masu mulki, ya ɗauke. Kullum haka ake yi tun Mayu. Taku huɗu ne tsakaninmu, amma bai taɓa cewa, Marula, ga rabi ba. Ba tumatur nake so ba, ina da shi a lambu har yana ruɓewa. Abin dai ya yi min ciwo, kuma na ji haushin kaina da ya yi.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na hango su. Daga arewa, saman tsaunin da fitilar jiragen ruwa take, kamar an hura toka daga murhu. Tokar ta yi ta kauri tana juyawa tana hawa sama, sannan ta warware ta miƙo kanmu.

"Ƙasa, Yanaki!" na ce. "Ƙasa sosai. Sun zo."

Ya danna hula, ya dafa gwiwoyinsa, ya kafa ido a kan sikelin da ke tsakanin ƙafafunsa.

Ban taɓa ganin sun sauko ƙasa-ƙasa haka ba. Iska ta turo su har kan ruwa, suna neman komawa tudu, sai suka biyo ta kan yashi daidai saman lemomi. Ba sa kuka, ba sa komai. Masu karta suka ajiye karta. Matan cikin ruwa suka juya gaba ɗaya, hannu a goshi. Wani ya kashe rediyo. Wayoyi suka tashi sama. Inuwoyi suka yi ta gudu a kan yashi, a kan bayan mutane, a kan murfin tukunyata. A duk faɗin bakin tekun nan mutum ɗaya ne kawai kansa ke ƙasa, kuma shi ne wanda ya fi kowa son abin da ke sama.

"Kada ka motsa," na ce. "Da sauransu. Da yawa."

Sannan na ji ya ce, a hankali, "Marula."

"Na'am?"

"Zo ki gani."

Na yi takun nan huɗu na duƙa. Allura tana kan sifiri. A cikin gilashin da na goge da hannuna, sama ce shuɗiya tas, ga shamuwa tana wucewa, wuya a miƙe, jajayen ƙafafu a baya. Ta fita, wata ta shigo. Ta fita, uku suka shigo. Wata biyar mutumin nan yana gudun sama, sai ta biyo shi ta ƙasa.

Na sa hannu zan rufe gilashin, ya riƙe min hannu.

"Ta cikin gilashi," ya ce, "tana shiga lissafi?"

Allah ya sani na so in ce a'a. Kalma ɗaya ce, kuma da ya karɓa, don neman wanda zai faɗa masa ita yake yi. Da ya riƙe zarensa, ni kuma na riƙe aikina, mu kai Maris, mu kai wani Maris ɗin. Har bakina ya buɗe.

"Ni ba limamin coci ba ce," na ce.

"Ban tambayi liman ba. Me Ginka za ta ce?"

Wannan kam ba sai an yi dogon tunani ba. Dukanmu mun ji muryarta.

"Za ta ce ha'inci," na ce. "Za ta ce, ka gani ka ce ba ka gani ba, tsohon banza?"

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ƙarshe ba. Ya sa hannu ya cire hular ya ajiye a kan tawul. Goshinsa fari fat. Ya ɗaga kai sannu-sannu, yana dafe da ƙeya, don wuyan ya manta hanya. Rana ta soke masa ido, hawaye suka zubo, kuma ba su tsaya ba bayan idon ya saba.

Ya miƙe tsaye. Ya yi ta kallo, baki buɗe, irin na da.

"Sun yi latti bana," ya ce can. "Kwana uku. Dubi na bayan can, 'ya'yan bana ne. Kin ga yadda suke bugun fiffike ba dalili? Ba su san iska ce ke yin aikin ba." Ya share fuska da bayan hannu. "Ginka ba ta taɓa tsayawa ta kalla har ƙarshe ba. Sai ta ce miya tana kan wuta."

Sun ɗauki kusan awa guda suna wucewa. Mutane suka gaji tun da wuri, aka kunna rediyo, aka koma karta. Shi bai zauna ba sai da na ƙarshe suka zama ɗigo a kudu suka ɓace. Sannan ya juyo ya miƙo min hannunsa na hagu.

"Da hannu ɗaya ba zan iya ba."

Na jawo wuƙar masara.

"A'a! Kada ki yanke. Ki kwance."

Faɗa da baki ya fi sauƙi. Ginka gyaran koma ta yi wa masunta tun tana budurwa, ƙullinta ba na wasa ba ne, ga gumin wata biyar ya daskare a kai. Na ciro fil daga ɗankwalina, na sa tabarau, na zauna a kan yashi a gabansa da hannunsa a kan gwiwata. Wani ya zo yana ta "Inna, masara biyu," na ce masa an tashi kasuwa. Na yi ta tsokana, ina tofa yawu, ina zagin Ginka a zuci ina neman gafararta. Rabon da in riƙe hannun wani har na manta.

Da ƙullin ya saki, sai ga shi a cikinsa, inda rana ba ta taɓa shiga ba, zaren yana nan yadda ta bar shi, jan ja wur, farin fari sol. Yanaki ya karɓa ya ɗora a tafin hannu yana kallo. Ni kuwa wuyan hannun nake kallo. Duk hannun ya ƙone baƙi da rana, sai wani siririn layi fari da ya zagaye shi, daidai inda zaren ya zauna, har da ɗan kumburin wajen ƙulli. Shi ma ya gani. Ya yi maza ya rufe wajen da tafinsa.

"Ita fa?" ya ce. "Nata fa, Marula? Ita ba za ta gani ba."

"Ka je ka gaya mata. Ka ce ka gani, dubbai ma. Ido ɗaya ya ishi gida."

"Akwai ɓaure jikin katangar maƙabarta, kusa da ita."

"To me kake jira? Sai an aiko maka da mota?"

Ya sa zaren a aljihun ƙirji, ya ɗauki hular ya riƙe a hannu. A shekara goma sha tara bai taɓa tashi kasuwa ya bar sikelin nan a baya ba, amma ranar ya haye matakala ya bar shi a kan tawul, bai ko waiwaya ba. Bai ce in raka shi ba, ni ma ban ce zan je ba. Na bi shi da ido har ya sha kwana, tafinsa na dama yana kan wuyan hannunsa na hagu.

Masarata ta huce a tukunya. Da yamma ta yi, mutane suka naɗe tawul suka tafi bibbiyu, uku-uku, gularus suka sauko suna tsintar abin da aka bari. Na ɗora sikelin a kan kurata na tura har gida. A tsakar ɗaki na ajiye shi, na cire takalmi na hau. Allurar ta motsa, amma daga tsaye ba na iya ganin lambar, in na duƙa kuma sai ta canza. Na sauka ban san nauyina ba.

Washegari ƙarfe bakwai ya gangaro ba hula. Ya yi aski. Ya ce ya ɗaura zaren a reshen ɓauren da ya leƙo kan kabarin Ginka, ya cire ciyawa, ya kuma buga wa Rumyana waya, ta yi ta kuka har katin ya ƙare. Sheƙar ƙofar maƙabarta ba kowa, masu ita sun bi ayari. Ya karɓi sikelinsa ya ce, "Na gode, maƙwabciya," ya koma wajensa.

Bayan kwana biyar wata shamuwa da aka bari a baya ta ratso daga tafki ita kaɗai. Kafin in ankara bakina ya riga ni, har na ce "Ƙa..." sai na haɗiye sauran. Ya riga ya gan ta, yana bin ta da ido. Tun daga ranar ban sake samun abin ce masa ba sai ina kwana da sai gobe.

Amma abin da na lura da shi tun safiyar farko shi ne rigarsa. A zafin Agustan nan da ko kare ba ya fita, Yanaki ya zo da riga mai dogon hannu. Ya naɗe na dama har gwiwar hannu, na hagu kuwa ya sauke shi ya ɓalla maɓalli. Haka ya yi ta zuwa har aka naɗe lemomi a ƙarshen Satumba. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Yanaki, ba ka jin zafi ne? Naɗe ɗayan mana."

Ya taɓa maɓallin ya tabbatar yana nan.

"Rana za ta goge," ya ce.